Hazo iri biyu, suna ɗaya: me za mu kira fog?

1/ 'Yan'uwa, ku taya ni neman kalma. Bature yana da fog, yana da haze. Mu kuwa da zarar gari ya dushe sai mu ce "hazo". A hira ba laifi, amma a sanarwar da direba zai ji a rediyo kafin ya bar tasha, abin yana damuna.

2/ Hazon hunturu ƙura ce. Iska ke kwaso ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele na arewacin Chadi, tsakanin Nuwamba da Maris. Takan yi kwanaki a kan Kano ko Damagaram ba ta gusa ba. Tsofaffi suna ce mata buda.

3/ Fog kuwa ruwa ne, gajimare ne ya sauko ya kwanta a kan kwalta. Wanda ya taɓa bin Hawan Kibo da asubar damina, ko ya hau Mambila zuwa Gembu, ya san shi: gilashi ya jiƙe, tirelar da ke gabanka ba ka ganin ta sai ka zo daf da ita. Masu hasashen yanayi ba sa kiran sa da wannan suna sai ido ya kasa hangen mita 1,000. Kuma yawanci rana na ɗagowa yake watsewa, ke nan direban da aka faɗa wa ainihin abin da ke gabansa zai iya jinkirta tashi. Ƙura kuwa ba a zaman jiran ta.

4/ Wani malami ya ba ni "farin hazo". Ban karɓa ba, ai buda ma fara ce. Wani direba ya ce "hayaƙin sanyi". Wannan tsoron ta nake ji, domin hayaƙi na gaske ma yana tare hanya idan aka cinna wa daji wuta bayan girbi. Kada mu haɗa su.

5/ Ni dai na tsaya a kan "hazon raɓa". Da jin raɓa ka san jiƙa, ka san asuba, ka san rana za ta shanye ta.

6/ Ku gwada ta a bakin jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra: "Akwai hazon raɓa a Hawan Kibo. A rage gudu, a sa dim, don babbar fitila dawowa ido take yi. Mai tsayawa ya sauka daga kwalta gaba ɗaya."

7/ Direbobin Filato da Taraba, ku ne kuke shiga cikinsa. In akwai sunan da kuka gada a wurin iyayen gidanku, ku kawo shi, zan janye nawa.