Zauren dangi: Wai sai an koya wa iyaye tarbiyya a aji?

Kawu: Salamu alaikum. Na ga abin da Auta ta turo jiya, wai a tara iyaye da 'ya'yansu ana koya musu zaman gida don kada yaran su faɗa shaye-shaye. Iyayenmu wane aji suka shiga? Ga mu nan mun girma. Addu'a da dorina sun isa.

Auta: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Ai lokacinku babu kodin da tiramol a kemis ɗin bakin layi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya. A shekarar ce ma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin.

Kawu: To ai shi ya sa na ce a ƙara matsa musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaya Babba: Kawu, matsi kam an gwada. Ɗan maƙwabcinmu sau biyu ana kai shi gidan mari. Ya dawo da tabon sasari a ƙafa, bai rufa wata ba ya koma majalisarsu. Kuma kowa ya ga mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Gwaggo: Ni dai me ake yi a zaman? Kada a je a koya wa yaro kallon tsabar idon ubansa.

Auta: A'a Gwaggo. Shirin UNODC mai suna Strong Families zama uku ne kacal, mako-mako. Iyaye suna nasu ɗakin, yara suna nasu, daga baya a haɗu. Ana nuna wa iyaye yadda za su huce kafin su yi hukunci, su kafa doka ƙarara, su yaba in yaro ya yi daidai. Su kuma yaran, yadda za su ƙi tayin aboki ba tare da jin kunya ba. Har a Afganistan an gwada shi, balle a ce kayan Turawa ne zalla.

Kawu: Yabo? Kansa ya kumbura ke nan.

Yaya Babba: Ni ba yabon ne damuwata ba, Auta. Wa zai je? Mata ne za su cika wurin. Maigida ya fita tun asuba, ya dawo bayan isha'i, ya zarce majalisa. Kuma zama uku ba ya bai wa saurayi sana'a.

Gwaggo: Wannan kam gaskiya ne. Ranar da na ɗaga katifar ɗana na tarar da kwalabe huɗu babu komai a ciki, babansa tsalle ya yi zai ɗauko bulala. Na ce Alhaji tsaya, faɗa min sunan abokansa uku tukuna. Wallahi ko ɗaya bai iya kawowa ba. Shi yaron ya fi shekara yana sha, muna gida ɗaya.

Kawu: Wannan sakacinsa ne, Hajiya. Ni gidana ba haka yake ba.

Gwaggo: Madalla, Alhaji. To naka da ke aji biyar na sakandare, da su wa yake yawo? Uku kawai.

Kawu: An kira sallah. Bari in yi alwala.