Kukan kurciya jawabi ne: to wa ake yi wa jawabin?

Baban Khadija: Salamu alaikum jama'a. Karin maganarmu ta yau ita ce "kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa". Jiya a majalisa wani yaro ya ce wai ta tsufa, yanzu zamanin fitowa fili ne a faɗi magana ɓaro-ɓaro, ni kuma na ce masa duk abin da talaka yake yi na barkwanci da habaici kan tsadar rayuwa kukan kurciya ne. Me kuka gani?

Malam Na Zariya: Wa alaikumus salam. Asalin ma'anar dai ita ce ba kowane saƙo ake faɗa kai tsaye ba, akwai wanda ake nannaɗe shi, mai lura ya warware. 'Yar uwar hannunka mai sanda ce. Kuma Bahaushe ya daɗe yana haka da masu mulki, ku duba tatsuniya kawai. Gizo ba shi da ƙarfi ba shi da sarauta, amma shi ne ya ba giwa bakin igiya a tudu, ya ba dorina ɗaya bakin a ruwa, kowacce tana ja tana zaton da Gizo take ja. Kaka tana ba jikoki wannan da daddare suna dariya, alhali tana koya musu ne cewa babba ma ana iya juya shi in ya cika girman kai.

Yar Maraɗi: Malam na yarda da fassarar amma ni fa ina ganin an fi amfani da ita wajen gargaɗi tsakanin mutum da mutum, kamar uwa ta ga take-taken saurayin 'yarta ta yi mata gugar zana. Kawo ta cikin zancen tsadar rayuwa da masu mulki kamar an ja ta da nisa.

Malam Na Zariya: Ba a ja ta ba ƙanwata. Sarki ma yana da wawan sarki a fada, aikinsa kenan ya faɗi abin da waziri ba zai iya faɗa ba, a yi dariya a wuce amma sarki ya ji. Ga 'yan kama, ga 'yan gambara a kasuwa, ga tashe daga goma ga azumi, yaro ya manna gemun auduga ya rataya buzu ya riƙe allo, 'yan uwansa suna tuhumarsa wai malam ya yi rawa shi kuma yana rantsuwa bai yi ba, ƙarshe ya taka a gaban kowa. Wa ya isa ya tsaya a ƙofar malamin unguwa ya ce masa abin da kake faɗa daban abin da kake yi daban? Amma yara sun faɗa, har a ba su sadaka.

Ɗan Kwari: Ni dai wallahi ku yi haƙuri ina bayan yaron nan. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 wane irin barkwanci ne ba a yi ba, bidiyo a TikTok, hotuna a Facebook, mutum ya ɗauki kwanon shinkafa yana yi mata kirari kamar amarya, kowa ya yi dariya ya tura wa wani, to me ya canza? Sai da mutane suka fito titi 1 ga Agusta 2024 sannan aka san da gaske ake, kuma kun ga yadda ta kaya a Kano da Kaduna, rayuka sun salwanta, an sa dokar hana fita, yara ƙanana aka kwashe har Abuja, a watan Nuwamba muka ga wasunsu suna faɗuwa a kotu saboda galabaita. Ni tsorona ma dariyar nan tana sa mu saba da wahala ne, a yi raha a kwanta da yunwa gobe a sake.

Hajiya Ladi: Ɗana, abin da ka faɗa ai shi ne rabin karin maganar na biyu da kowa yake tsallakewa. Mai hankali ke ganewa. Kurciya ta yi nata, wanda aka yi wa kukan ne bai gane ba ko ya ƙi ganewa. Da an saurari abin da mata suke faɗa a gidan biki da abin da 'yan adaidaita suke faɗa wa fasinja cikin raha, da ba a kai ga yaran nan ba. Kuma kar ka raina dariyar, ni mai sayar da abinci ce, na ga magidanci ya zo ya sayi rabin kwano ya ce a yi masa ƙarin miya "saboda baƙi", shi da ni mun san ba baƙo ko ɗaya, 'ya'yansa ne, muka yi dariya na ƙara masa. Da wannan wasan ya rufa wa kansa asiri.

Ɗan Kwari: Allah ya saka Hajiya. Amma in dai wasa ba ya cizo me ya sa ake jin haushinsa? A 2022 wasu samari biyu a Kano kotu ta sa aka yi musu bulala 20 kowanne da tara da sharar harabar kotu na kwana 30 saboda bidiyon barkwanci kan gwamnan lokacin.

Baban Khadija: To ai ka ba kanka amsa ɗan uwa 😄 da bai isa inda aka aika shi ba da ba a tanka ba. Zamanin jam'iyyar NEPU ma, da aka kafa ta a 1950, waƙa da wasan kwaikwayo da habaici ne suka kai maganar Malam Aminu Kano ƙauyukan da jarida ba ta zuwa, sannan mutane suka samu ƙarfin halin tsayawa a gaban hakimi.

Yar Maraɗi: Nan kam na sauko kaɗan. Mu nan Nijar wasan dangi har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014, Bagobiri ya faɗa wa Bazabarme magana mai zafi a gaban jama'a ba mai fushi, haka Bafulatani da Babarbare, kuma sau da yawa da shi ake kashe rigima tun ba ta girma ba. Sai dai shi wannan tsakanin tsara ne, kowa yana da damar ramawa. Tambayata ga Malam, in wanda ake yi wa kukan yana da 'yan sanda da kotu, kai kuma bakinka kawai gare ka, har yanzu sunansa jawabi ko ya koma wani abu?

Malam Na Zariya: Tambaya mai nauyi. Bari in dawo daga sallar isha'i, akwai wata karin maganar da nake so mu ɗora a kanta, "ba a mugun sarki sai mugun bafade", don ni ban taɓa gamsuwa da ita ba.