Kujerar da babu kowa a rufin cocin Wies

Ɗan Zuru: Jama'a don Allah, na ga hoton rufin cocin Wies ta Jamus a waya, an zana Yesu zaune kan bakan gizo ga kuma wata kujerar sarauta babu kowa kai, me take nufi?

'Yar Yauri: Kujerar shari'a ce ɗan'uwa, wato ranar hisabi ba ta zo ba tukuna, shi ya sa ƙofar lahira da aka zana a ɗaya gefen ma a rufe take, da sauran lokacin tuba.

Baban Yara: Johann Baptist Zimmermann ya zana, ƙanensa Dominikus ya gina cocin tsakanin 1745 da 1754. Bakan gizon alkawarin Allah ne ga Nuhu bayan ruwan tsufana. Ni shuɗin nan ya fi taɓa ni, kamar sama bayan ruwan Agusta.