Saman bene zafi, ƙasa sanyi, meye mafita?

Maman Biyu:
Salam jama'a, dan Allah ku ban shawara. Gidanmu bene ne a Kano, tunda Maris ya shigo ɗakunan sama basa kwantuwa, ko fanka ka kunna iska mai zafi take hurowa, amma falon ƙasa lafiya lau har yara sun koma can da katifunsu. Matsalar gini ce ko haka kowane bene yake?

Mai Kafinta:
Hajiya kusan kowane bene haka yake. Rana na dukan kwano tun safe, zafin ya taru tsakanin kwano da silin ba hanyar fita, ga kuma iska mai zafi dama sama take hawa ta matattakala. In dakin ɗin kankare ne ma ya fi muni, siminti na shan zafi da rana sai dare ya dinga sakinsa.

Ɗan Sabon Gari:
Gaskiya ne. Ki sa a buɗe ƙofofin iska a jikin rufin a sa musu raga saboda jemagu, in da hali a shimfiɗa soson hana zafi saman silin. Farin fenti a kwano ma yana taimakawa sosai, wlh masu kwano baƙi suna shan wuya don gayu kawai.

Maman Biyu:
To AC fa Malam?

Mai Kafinta:
Ki fara gyara rufin tukun Hajiya, in ba haka ba kuɗin wuta ne zai cinye ki. Tagogin yamma kuma labule mai kauri da rana, bayan isha a buɗe duka.