Tambaya kan haruffan Clarendon masu kauri a bangon littafin Hausa

Mai Maɗaba'a, Dilimi:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar maɗaba'a a nan Jos, kuma an kawo mini aikin buga littafin tarihin wata makarantar Islamiyya. Marubucin yana son sunan littafin ya fito da haruffa masu kauri da kwarjini, masu 'yan ƙafafu a bakinsu, irin na kanun tsofaffin jaridu. Na gwada Clarendon ya yi mini kyau, amma ina neman shawararku: ya dace in shigar da shi har cikin littafin, ko in bar shi a bango kaɗai?

Tsohon Mai Zanen Allo, Terminus:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Zaɓinka ya yi daidai. Robert Besley ne ya fitar da Clarendon a Landan a 1845, kuma tun farko aikinsa shi ne ya ja ido: ana buga sanarwar manna wa bango da shi, ana kuma fito da kalmomin da ake fassarawa a ƙamus da shi domin su bambanta da sauran rubutu. Idan ka duba da kyau, za ka ga ƙafafun ba kamar an manna su ba ne, suna haɗuwa da jikin harafin ta wata 'yar lanƙwasa, kuma siraran layukansa ma suna da ɗan kauri, shi ya sa ba ya ɓacewa daga nesa ko a takarda mai shan tawada. Na daɗe ina zana irinsa a allunan shaguna, kuma mai wucewa a mota yana karanta shi. Amma ka tsayar da shi a bango da kanun babi, domin shafi cike da haruffa masu kauri yana yin baƙi, ido kuma ya gaji da wuri.

Malamar Hausa, Anguwar Rogo:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai akwai abin da ya fi damuna, wato haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ da ƙ. Yawancin tsofaffin salon haruffan Turai ba a zana su da waɗannan ba, don haka kwamfuta takan aro su daga wani salon, sai ka ga siririn ƙ a tsakiyar kalma mai kauri. Wasu kuma sukan cire ƙugiyar gaba ɗaya, alhali ƙafa daban, kafa daban. Malam, kafin ka yi nisa, ka rubuta Ɓ, Ɗ, Ƙ manya da ƙanana ka gani. Idan babu su, Charis SIL da Noto Serif suna da su har a mai kaurinsu, kuma kyauta ne.

Mai Maɗaba'a, Dilimi:
Na gode, Baba da Malama. Na gwada yanzu, kuma Clarendon ɗin da ke kwamfutata ba shi da Ƙ, ga shi sunan littafin ya fara da kalmar Ƙoƙari. Gobe zan buga bangon gwaji da Charis mai kauri in kai wa marubucin ya duba.