Esin motata ya mutu: in gyara ko in cire shi?

Mai Corolla: Salamu alaikum 'yan uwa. Corolla ce ta 2006, da ita nake kai yara makaranta a Kano. Sau biyu ina sa gas bana, ko wata bai yi ba ya zirare. Yanzu kwamfaresa ta fara ƙara kamar injin niƙa. Bakanike ya ce a cire ta, a sa gajeren bel. Kuɗin makaranta na jirana, ga Afrilu na tafe, ƙaramar kuma zafi yana tayar mata da ƙuraje. Me kuka gani?

Dattijon Gareji: Wa alaikumus salam ɗana. Kuskuren farko shi ne ƙara gas ba a nemo inda yake yoyo ba. Ƙarar nan kuwa kada ka raina ta: bel ɗaya ne ke juya kwamfaresa da altaneta da famfon ruwa. In ta cije ta tsinke shi, batir ya daina caji, inji ya ɗau zafi. In za ka gyara, a wanke layukan tas, a canza diraya, wato matatar da ke tsotse danshi daga gas, don garin ƙarfen da tsohuwar ta bari yana kashe sabuwar kwamfaresa. Gas ɗinta R134a ne, ka duba gwangwanin da idonka.

Hajiya 'Yar Zariya: Ni na cire tawa, na yi nadama. Da damina gilashi yake yin hazo, da tsumma nake gogewa ina tuƙi.

Direban Tasha: Yallaɓai, sa gajeren bel yanzu, amma kada a taɓa layuka da kwandensa. In ka samu sarari, ka je Ƙofar Ruwa da bakanikenka ku zaɓo kwamfaresa ta Beljiyam.

Mai Corolla: Na gode Baba, na gode ku duka. Gobe za a sa bel ɗin.