Neman shawara kan tafiya tsibiran Darak

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Kousseri da ke arewacin Kamaru nake zaune, kuma ina so in je duba kawuna, masunci, wanda yake kwance ba lafiya a ɗaya daga cikin ƙananan tsibiran da ke kewaye da Darak a Tafkin Chadi. Sau biyu ina isa Blangoua, garin da ake shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran, ina komowa, domin masu jirgin inji sun ce ciyayi sun toshe hanyar, sai dai ƙaramin kwale-kwale, ni kuwa ina tsoron shigarsa da buhun gero da jakar magunguna. Shin akwai wata mashigar da ban sani ba, ko dole in jira cikar ruwa wajen Disamba? Waɗanne takardu jami'an tsaro suke nema bayan katin shaida? Don Allah a taimaka, jikin nasa ya yi tsanani.